Jif ɗin Baba ta kwana biyu, ta ina zan fara?

Tambaya: Na gaji Lexus GX470 ƙirar 2006 daga mahaifina. Fenti ya koɗe, kujeru sun tsattsage, bayanta ya zauna. Zan iya gyara ta a gida? Daga wani mai karatu a Birnin Gwari.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba. Za ka iya, Malam, amma ƙafafu tukuna kafin kwalliya. Zaman da bayanta ya yi, yawanci balan-balan ɗin iskar da ke ɗauke da ita ce ta huje. Bakanike ya cire ya sa sifirin na ƙarfe, ya fi jure ramukan hanyar Kaduna. Ka nema a Panteka ta Kaduna, in babu sai Ƙofar Ruwa a Kano.

In fitilun sun yi hazo, jiƙa sanfefa mai laushi ka goga a hankali, ka bi da folish. Kada omo ya taɓa kujerun fata, busar da su yake su ƙara tsagewa. Fenti kuwa bar wa masu shi, ƙurar tsakar gida manne masa za ta yi.

Ka dai san halin hanyar dajin Birnin Gwari, kada ka mayar da ita mai ɗaukar ido. Koren soja doka ta hana, baƙin gilashi kuma sai da izinin 'yan sanda. Bar ta da launinta na asali.