Haske da Inuwa a Zanen Farin Ƙyalle

Akwai wani reshe na fasahar zane wanda a cikinsa mai zane yakan jera kayan da ba su motsi, kamar kwano da 'ya'yan itace da ƙyalle, sa'an nan ya zana su. Wannan reshe ya bunƙasa a ƙasar Holan a ƙarni na 17, inda ƙyallen yake yawanci shimfiɗa ce kurum. A zamaninmu kuwa, wasu masu zane sun kawar da sauran kayan, sun fuskanci ƙyallen shi kaɗai. Daga cikinsu akwai Alison Watt, 'yar Sikotilan, wadda aka haifa a 1965. A shekarar 2008 ta nuna manyan zane-zanenta na farin ƙyalle a babban gidan adana zane na ƙasa da ke Landan.

To, ta yaya ake zana farin abu a kan farar takarda? Amsar tana cikin ilmin haske. Haske yana tafiya ne a miƙe. Saboda haka, idan aka yamutsa zanen gado, tudun kowane ninki da ya fuskanci taga yakan haskaka, gangarensa ya dushe a hankali, kwarinsa kuma ya yi duhu. Amma duhun ba ya cika, domin ninkin da ke maƙwabtaka yana mayar masa da ɗan haske. Da wannan bambanci ido yake gane tudu da kwari.

Irin saƙa ma tana da tasiri. Shadda da ta sha bugu tana da santsi, tana mayar da haske gefe guda, shi ya sa take ƙyalli. Tawul kuwa zarensa a tsattsaye yake, yana warwatsa haske ko'ina.

Kuskuren ɗalibai da yawa shi ne zana abin da suka sani maimakon abin da suke gani: sun san ƙyallen fari ne, sai su ji tsoron sa masa duhu, zanen ya fito ba tudu ba kwari.

Ga aikin gwaji. Malami ya ɗora farin mayafi a kan kujera kusa da taga ɗaya, ya rufe sauran. Ɗalibai su ɗan runtse ido, su fara da shafa wuraren duhu da gawayi, su bar farin takarda ya zama hasken. A maimaita da la'asar, a kwatanta zanen biyu.