Injin da Mai ke Juyawa: Darasi daga Motar Haƙa Foraj



A cikin kwarin Dallol Bosso, inda Baleyara take a kan hanyar Yamai zuwa Filinge, ruwa ba ya da nisa, rijiyar hannu ma tana kai gare shi. Amma da an hau tudu sai ya nutse, dole a kira motar haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse. Abin da ke murɗa bututun haƙa a saman wannan mota shi ne injin haidirolik. Ranar da ya tsaya, aiki ya tsaya, jama'ar da suka haɗa kuɗi kuma su ci gaba da jiran ruwa.

Asalin aikin shi ne mai ba ya matsuwa. Blaise Pascal na Faransa, wanda ya rasu a 1662, ya bayyana cewa idan aka matsa ruwa a rufaffen wuri, matsin yana isa ko'ina daidai. A 1795 Joseph Bramah na Ingila ya yi rajistar matsewar da ya ƙera a kan wannan ƙa'ida. A motar haƙa, injin gas yana juya famfo, famfo ya tura mai cikin tiyo, mai ya shiga injin haidirolik ya ture abin da ke cikinsa, sanda ta juya, man ya koma tanki.

A kula, gudu daban, ƙarfi daban. Yawan man da ke shiga shi ke kawo gudu: injin da ke shan lita ɗaya a juyi 10, in an ba shi lita 50 a minti, zai yi juyi 500. Ƙarfin murɗawa kuwa yana zuwa ne daga matsi da girman cikin injin. Idan bakin haƙa ya cije a dutse, matsi ya hau, sai wani bawul ya buɗe ya mayar da mai tanki. Injin ya tsaya ba tare da ya ƙone ba. In aka sauya hanyar mai, sai ya juya baya, da haka ake kwance bututu.

Iri uku ne manya. Mai haƙora, wanda ƙafafu biyu masu haƙora ke cizon juna a cikinsa, shi ne mai sauƙin kuɗi da juriya, sai dai yana yoyo ta ciki idan gudu ya yi ƙasa. Yana da ɗan'uwa mai tafiya a hankali da ƙarfi, wanda ƙafa ɗaya ke kewaya cikin ɗaya. Mai fukafukai ba ya da ƙara, matsinsa matsakaici. Mai fistan shi ne babba, yana ɗaukar matsin da ya kai bar 400, shi ke tafiyar da sarƙar katafila. Tsadarsa da wuyar gyaransa sun yi daidai da ƙarfinsa.

To, abin da ya fi kashe shi a ƙasar Kurfai ƙura ce. Tazarar da ke tsakanin fistan da raminsa ba ta kai kaurin gashi ba. Ƙwayar yashi ta shiga ta mazurari mai datti, ko ta bakin tiyon da aka kwance aka yar a ƙasa lokacin hunturu, sai ta yi ta karce ƙarfe. Zafin watan Afrilu kuma yana tsinka mai, ya riƙa zurarewa ta wannan karcewa. Alamarsa ita ce injin ya tashi lafiya da safe, da azahar ya yi sanyin jiki, tanki ya yi zafin da hannu ba ya taɓawa. Ƙara matsi a wannan hali kuskure ne, yana gaggauta lalacewa kawai.

Wakilin jama'a ba sai ya zama bakanike ba. Kafin a biya kafin alƙalami, ya tambayi mai mota yaushe aka sauya matatar mai, ya duba ko tiyo na ɗiga, ya nemi ganin man: idan ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga cikinsa.