Auna Sinadarin Kumburi na IL-8 a Jini da Ruwan Laka: Misali daga Yankin Babura

Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, wurin da ta kama yakan saki wasu ƙananan furotin da ake kira kemokin, waɗanda ke kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa fagen fama. Fitacce a cikinsu shi ne IL-8, wanda aka gano a 1987, daga baya aka sake masa suna CXCL8. Shi ke janyo ƙwayoyin nutirofil, kuma yawansa kan hauhawa ƙwarai a ruwan lakar mai sanƙarau. Ga yanki irin Babura, mai iyaka da Jamhuriyar Nijar, inda sanƙarau ke barazana duk bazara, auna shi abu ne mai muhimmanci ga masu nazarin garkuwar jiki.

Hanyar da aka fi bi ita ce ELISA, wadda Eva Engvall da Peter Perlmann suka bayyana a birnin Sitokhom a 1971. Ana amfani da faranti mai ramuka 96, kowane an shafe gindinsa da antibodi mai cafke IL-8 kaɗai. Sai a zuba samfuri, a wanke, a ƙara antibodi na biyu mai ɗauke da sinadarin da ke haddasa launi. Ruwan ya zama shuɗi, a tsayar da shi da asid ya koma ruwan ɗorawa, na'ura ta auna kaurin launin a tsayin haske na nanomita 450. Ana kwatanta sakamakon da jerin ramukan da aka riga aka san adadin sinadarin da ke cikinsu, a fitar da lissafi da fikogiram a kowace mililita ta ruwa.

Wahalar aikin takan fara tun kafin a buɗe farantin. Jinin da aka bari a kwalba ba a tace ba, fararen ƙwayoyinsa na ci gaba da samar da IL-8. Saboda haka samfurin da aka ɗiba a Babura ko Kazaure, ya wuni a mota cikin zafin watan Afrilu kafin ya isa ɗakin gwaji a Kano, zai iya nuna kumburin da babu shi a jikin mai jinin. Dole a raba ruwan jini da ƙwayoyinsa da gaggawa, a daskarar da shi, mafi kyau a digiri 80 ƙasa da sifiri, kuma a guji narkarwa da sake daskararwa. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan sharaɗi ne mai nauyi.

Akwai kuma batun da ya keɓanta da al'ummar nan. A 1993 aka tabbatar cewa alamar Duffy da ke jikin jajayen ƙwayoyin jini tana kama IL-8 ta riƙe shi. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma, har da Hausawa, an haife su ba tare da wannan alama a jajayen ƙwayoyinsu ba, gadon da ke ba su kariya daga zazzaɓin cizon sauro nau'in vivax. Ke nan rabon sinadarin tsakanin ƙwayoyi da ruwan jini ya bambanta da na Bature. Mai binciken da ya ɗauko mizanin lafiyayyen jini daga Turai ya ɗora wa majinyacin Roni ko Gwiwa na iya yi wa alƙalumansa mummunar fassara. Abin da ya dace shi ne a auna lafiyayyun mutanen yankin tare da majinyata, a faranti ɗaya, da irin kwalba ɗaya.