Zan iya rage wa motata tsayi?

Tambaya: Ina da Golf, kuma ina sha'awar in sa mata gajerun sifirin ta kwanta ƙasa kamar na samarin Kano. Ko akwai matsala? Daga wani matashi a Moriki.

Amsa: Ƙanena, kwantacciyar mota akwai kyau, kuma ba ta yawan tangaɗi a kwana. Sai dai irin wannan sifirin kan rage santimita 3 zuwa 4, ga shi Golf dama ba doguwa ba ce. Kai da ke bin hanyar Kaura Namoda zuwa Shinkafi, ko ka ratsa ƙauyukan Zurmi da damina ɗauke da buhun gero, salansa ce za ta fara gaisawa da ƙasa, sannan kwanon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. Idan ya fashe ba ka ankara ba, inji ya tafi. Ni dai da za ka ji tawa, ka bar ta yadda take.

In ka nace, kada ka yarda bakanike ya yanke tsohon sifirin ko mai walda ya gasa shi. Sayi saitin gajerun sifirin guda huɗu na ainihin samfurin motarka, da shokazoba da ta dace da su.

Bayan an ɗaura, tayoyin za su karkace, gefen ciki ya riƙa cinyewa. Ka hau ta mako ɗaya ko biyu sifirin ya zauna, sannan ka kai ta Gusau wurin masu na'urar saita tayoyi. Kafin a saita, a duba tayarod da bushi, a sauya duk wanda ke girgiɗi.