Darasin Kimiyya: Ranar Atisaye da Ranar Hutu

Ɗalibai, tambayar darasinmu na yau ita ce: yaushe jikin mai motsa jiki yake ƙara ƙarfi? Da yawanku za su ce lokacin da yake gudu ko ɗaga ƙarfe. To, a wannan lokacin ƙarfinsa raguwa yake yi. Wanda ya gama gudun kilomita biyar ya fi gajiyawa fiye da kafin ya fara. Ƙaruwar tana zuwa ne a kwanakin da suka biyo baya, muddin ya ci abinci ya kuma yi barci.

Mu fara da tsoka. Tsoka tarin zaruruwa ce sirara. Idan aka ɗora mata nauyin da ba ta saba ba, wasu zaruruwan sukan sami 'yar tsagewa wadda ido ba ya gani. Sai jiki ya ɗinke wurin da sinadarin furotin, ya ɗan ƙara masa kauri. Wannan gyara yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu, shi ya sa masu horarwa suke barin kamar awa 48 kafin su sake matsa wa tsoka guda. Kun ga magini idan ya zuba kankare, ba ya ɗora masa bulo a ranar, sai ya bari ya kama. Haka tsoka take.

Tsamin jikin da mutum yake ji bayan atisaye mai tsanani yana daga cikin wannan gyaran. Yakan fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72, har ka ga mutum yana saukowa daga bene yana dafa bango, yana cije leɓe. An daɗe ana ɗora laifin a kan sinadarin laktik, amma shi jiki yana kawar da shi cikin kamar awa guda da gama atisaye.

Abu na biyu shi ne makamashi. Tuwo da shinkafa da gero da muke ci, jiki yana adana wani kaso nasu a tsoka da hanta a matsayin gilaikojin. Dogon gudu ko wasan ƙwallo yana cinye shi, kuma mayar da shi yakan ɗauki kusan yini guda da isasshen abinci.

Abu na uku ne na fi so ku riƙe, domin nan ne matasanmu suka fi cutuwa. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da atisaye. Cikin 'yan makonni mutum zai ji numfashinsa ya daidaita, sai ya ɗauka dukan jikinsa ya shirya. Alhali ƙashi da jijiyoyin da suke ɗaure tsoka da ƙashi suna buƙatar watanni. Tun a 1892 likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana sake gina kansa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Sai dai kafin ya gina sabo, yakan rushe tsoho, kuma a wannan tsakanin yana da rauni. Ku dubi saurayin da ya ji za a ɗauki soja, ya tashi rana ɗaya ya fara gudu a kan kwalta kullum da asuba, da takalmin da tafinsa ya cinye. Bayan 'yan makonni ƙwaurinsa ya fara zogi. Idan ya danna wuri guda da yatsa sai ya yi tsalle. Abokai su ce masa "daure, namiji ne kai", ya ci gaba, har ƙashin ya tsage. Hutun kwana biyu a mako da ya ƙi, yanzu ya zama na makonni shida ko fiye, ga ranar tantancewa ta wuce. Abin yana ba ni takaici ƙwarai, don ƙoƙarinsa ne ya kayar da shi.

To nawa ne ya isa? Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta ce baligi ya yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, kamar tafiya da sauri, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, kamar gudu, sannan ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Minti 30 kullum har kwana biyar ya cika 150, ga kwana biyu sun rage. Mai farawa zai iya ɗaga ƙarfe Litinin da Alhamis, ya yi gudu Talata da Asabar, Laraba ya yi tafiya mai sauƙi, ya huta Juma'a da Lahadi. Wanda sana'arsa dako ce ko noma ya lissafa ta cikin atisayensa, domin tsoka ba ta bambance buhun masara da ƙarfen gidan motsa jiki.

Ranar hutu ba ranar kwanciya ba ce. A yi tattaki zuwa kasuwa, a miƙe gaɓoɓi, a ci wake ko ƙwai ko kifi ko nono, a yi barcin awa bakwai zuwa tara. Kada kuma hutun ya yi tsawo, don bayan kamar mako biyu ba motsi, juriya takan fara komawa baya.

Jiki yana faɗa idan an wuce gona da iri: ƙarfi yana raguwa duk da ana ƙara atisaye, barci ya ƙaurace, abinci ya fita rai, mutum ya riƙa fushi ba dalili. Akwai alama ɗaya da ba ta jira. Idan bayan atisaye mai tsanani tsoka ta kumbura, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, a tafi asibiti nan take, domin tsokar da ta lalace tana zubar da wani furotin da yake iya illata ƙoda. Zafin Afrilu da ƙarancin ruwa a jiki suna ƙara wannan haɗari.

Aikin gida: kowace safiya kafin ku tashi daga shimfiɗa, ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ku ƙirga bugun jini na minti guda. Ku rubuta adadin tare da irin motsin da kuka yi jiya, har mako biyu. Ku ja layi a ƙarƙashin duk ranar da adadin ya haura yadda ya saba, za mu duba su tare a darasi na gaba.