Mita ta ce lafiya lau, sifika kuma tana tsagewa

'Yan uwa masu haɗa waƙa ko shirin rediyo a kwamfuta, ga abin da na fahimta a aikina na kammala difloma: mitar manhaja ba komai take gani ba.

A faifan CD, ana ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 kowace daƙiƙa, kuma waɗannan ɗige-ɗigen kaɗai mitar da muka saba take aunawa. In sautin zai fita zuwa sifika, na'ura kan haɗa ɗigon da ɗigo da lanƙwasasshen layi. Tudun layin nan yakan faɗo tsakanin samfuri biyu, ya zarce su.

Ɗauki sautin da ke kaɗawa sau 11,025 a daƙiƙa, wato samfuri huɗu a kowace kaɗawa. In suka kauce wa ƙololuwar da digiri 45, kashi 0.707 na tsayinta kawai suke kamawa. Ka ɗaga su zuwa 0 dBFS, ainihin ƙololuwar ta haura da desibel 3. Shi ke nan, sauti ya fashe, balle in an mayar da shi MP3.

Maganin shi ne ninka samfura. Mitar dBTP tana cusa sifili uku bayan kowane samfuri, sai mataci ya cike guraben, tudun da ya ɓuya ya bayyana. Ƙa'idar ITU-R BS.1770 ta tanadi ninki huɗu, EBU R128 kuma ta kafa iyaka a -1 dBTP.

Shawarata: kafin ka miƙa aiki, kunna mitar dBTP, ka tsaya a -1. Desibel ɗayan nan ba asara ba ce.