Darasi na Goma Sha Biyu: Haruffan Ƙasa a Bayan Mota

Unguwar Erdington tana arewa maso gabashin birnin Birmingham a Ingila. A gefenta ne mahaɗar hanyoyin nan ta Gravelly Hill take, wadda aka buɗe a shekarar 1972. Manyan motocin dakon kaya daga ƙasashen Turai suna ratsa ta dare da rana, kowace da haruffan ƙasarta a baya: D na Jamus, F na Faransa, NL na Holan.

Wannan tsari ya samo asali ne daga yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Faris a 1909, aka kuma sabunta ƙa'idojinsa a Geneva a 1949 da Vienna a 1968. Alamar dai farar takarda ce mai siffar ƙwai, da baƙaƙen haruffa daga ɗaya zuwa uku, akan manna ta a bayan mota. Amfaninta shi ne jami'an tsaro su san inda aka yi wa mota rajista idan ta yi haɗari ko ta karya doka.

Shekaru da dama motocin Birtaniya suna ɗauke da GB. Amma daga ranar 28 ga Satumba, 2021, aka maye gurbinsu da UK, domin sabon sunan ya haɗa da Ireland ta Arewa. Saboda haka mazaunin Erdington da zai ƙetara teku da motarsa zuwa Faransa dole ne ya cire tsohuwar alamar ko ya rufe ta. Idan lambar motar tana da UK da tutar ƙasar, wannan ya wadatar a yawancin ƙasashen Turai. A Sifaniya da Malta da Kubrus kuwa, sai an manna takardar.

Haruffan nan sukan ba da labarin harshe da tarihi. D daga sunan Jamus ne a Jamusanci, CH na Suwizalan kuma daga Latinanci. Haka abin yake a ƙasar Hausa. Matafiyi a hanyar Katsina zuwa Maradi zai ga motocin Nijar da RN, wato Jamhuriyar Nijar a Faransanci. Nijeriya kuwa ta gaji WAN daga zamanin mulkin mallaka: WA na nufin Afirka ta Yamma a Turanci, N kuma Nijeriya. Ta haka Gambiya ta sami WAG, Saliyo ta sami WAL.

Tambayoyi

1. A ina aka fara ƙulla yarjejeniya kan wannan alama?
2. Me ya sa Birtaniya ta bar GB?
3. Mene ne bambancin asalin RN da WAN?
4. Waɗanne haruffa ƙasarku take amfani da su, kuma daga wane harshe suka fito?